Ranar da Baba Abbakar Ya Yi Azahar a Zaune

Tun da na dawo daga Sudan kunnena bai huta ba. A wurin aiki, a gidan biki, har a gaban mai kayan miya, tambayar ɗaya ce: "Sista Asabe, yaya Khartum?" Na san rabin masu tambayar humra da dilka suke nufi, kuma waɗannan sun ƙare tun a satin farko, kowa ta yi haƙuri. Sauran rabin, masu son labari tsakani da Allah, ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Ga wanda bai san ni ba, ma'aikaciyar jinya ce ni. Shekarata goma sha tara a sashen gaggawa na wani babban asibiti a Kano, kuma ni ce ke kula da teburin tantancewa, wato inda ake duba duk wanda ya shigo a ba shi kati: ja ga wanda ba zai iya jira ba, rawaya ga mai ɗan dama-dama, kore ga wanda zai iya zama a benci. Aikin ba ya ba ni tsoro. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan rakiya. Mutum ɗaya zai yanke a yatsa, unguwa guda ta biyo shi, wani riƙe da buta, wata da kular abinci, kowa yana ba ni nasa labarin, ga gadon tura marasa lafiya ya rasa hanyar wucewa. Na rubuta wa shugabanninmu takarda na ce a rufe ƙofar sashen, daga mara lafiya sai ma'aikaci. Matron, shugabar ma'aikatan jinya, ta goyi bayana, har ta sayi kwaɗo ta ajiye a durowarta. Shugaban asibiti kuwa ya ce sai na kawo hujja.

Faɗuwa ta zo daidai da zama, sai ga gayyatar wani taro a Khartum na ma'aikatan gaggawa daga ƙasashen Afirka da dama. Kowa zai zo da tambaya guda, a tattauna, a jefa ƙuri'a, a fitar da jerin abubuwan da suka fi cancantar a yi bincike a kansu, don aiki ya yi sauri kuma kada ɗan abin da ke hannu ya tafi a banza. Shugaba ya ce in tawa tambayar ta shiga jerin, ranar da na dawo za a ɗaura kwaɗon. Na ɗauki littafina cike da mintocin da na ƙirga 'yan rakiya sun cinye mana, na kama hanya ina jin ba mai ja da ni.

A jirgi Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa da za a yi wa aikin ido a can. Da jirgi ya ɗaga ta damƙe mini hannu, ba ta saki ba sai da aka kawo abinci. Na tambaye ta ko ita kaɗai ce, ta waiwaya ta nuna mini layi biyu na kujeru, duk nata ne. Na ce a raina, wato har a sararin sama ba su bar ni ba.

A filin jirgin Khartum na sha kunyar farko. Ana tambayar katin allurar shawara, ni ma'aikaciyar lafiya da ke yi wa mutane faɗa kan ajiye takardu, nawa yana cikin akwatin da aka loda a cikin jirgi. Aka tsayar da ni gefe har kaya suka fito. Kunya ta biyu kuwa daddawa ce ta jawo. Jami'in da ya buɗe jakata ya kwance ƙullin, ya ja da baya kamar an mare shi. Ina ta haɗa Larabcin Islamiyya ina bayani, yana ta girgiza kai, sai wani dogon jami'i daga can gefe ya matso ya sunsuna, ya ce da Hausa, irin ta tsofaffinmu na ƙauye, "Bar ta, abin miya ne." Na saki baki ina kallonsa. Na miƙa masa dunƙule uku, ya ƙi, daga baya ya ɗauki ɗaya ya ce na mahaifiyarsa ne.

Daddawar nan saƙo ce zuwa ga danginmu da ke can. Wan kakana ya bar gida da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya Sudan neman guzuri, guzurin bai kammala ba har ya yi jikoki. Ɗansa shi ne Baba Abbakar, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto. Masu taro sun sauke ni a wani masauki, lokanda a bakinsu, kusa da kasuwar Suk al-Arabi, amma kwana ɗaya na yi. Da hantsi sai ga dattijo cikin farar jallabiya da rawani, ya tsaya a ƙofa yana faɗa tun kafin mu gama gaisawa.

"Ɗiyar ɗan'uwana a lokanda, ina raye? Ɗauko kayanki. Yalla."

Haka muka haye gadar kogin Nilu zuwa Omdurman, unguwar Alsawra, inda lamba ake ba shiyyoyi maimakon suna. Baba Abbakar maƙerin ƙofofin ƙarfe ne, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu sana'a, ya yi ƙarfinsa kafin ya bar wa 'ya'yansa shagon. Duk layin da muka bi sai ya nuna wata ƙofa ya ce aikinsa ne. Matarsa Hajja Zainaba ta tarbe ni da dafa kafaɗa da wata doguwar gaisuwa da na zaci ta ƙare har sau uku. Mace ce ƙarama, mai ƙarancin magana, kullum naɗe cikin laffaya. Tana kiran mijinta Hajji, kuma in yana magana ba ta sa baki.

Abinci dai ba zan yi ƙarya ba, na ci wake har na ga wake a mafarki. Ful suke ce masa, a dama shi da man riɗi, a ci da burodi. Akwai kisra, mai kama da sinasir amma siririya kamar takarda, ga tsami, da miyar busasshiyar kuɓewa. Zoɓonmu shi ne karkadensu. Tsirenmu kuwa har yau agashe suke kiransa, kuma duk mai gashin da na tsaya wurinsa Bahaushe ne. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne karin kumallonsu, fatur, da ba a cinsa sai wajen sha ɗaya na safe, kuma in lokacinsa ya yi komai tsayawa yake. Ranar farko a zauren taro wani likita yana tsakiyar bayani kan yadda za a rage ɓata lokaci, aka leƙo aka ce fatur, sai ga zaure wayam.

Motar haya ma ta koya mini hankali. A can ba a ihun "Akwai!" Ƙyasta yatsu ake yi, mai karɓar kuɗin mota ya ji, ya tsayar da direba. Ni kuwa na zage na kwarma "Akwai!" irin ta Ƙofar Wambai, mota ta yi tsit, kowa ya waiwayo, direba bai tsaya ba sai da muka wuce wurin saukata da nisa. Na dawo da ƙafa cikin ranar da ban taɓa jin irinta ba. Abin da ya cece ni randunan ruwa ne da ake ajiyewa a bakin gidaje don mai wucewa, da moɗarsu a kai.

Taron ya yi armashi. Wata daga gabashin Afirka ta kawo matsalar waɗanda aka gama dubawa aka ce a kwantar, amma babu gado a ɗakunan sama, sai su cika sashen gaggawa. Wani ya ce a binciki gwaje-gwajen da ake rubutawa don sabo kawai, mara lafiya ya saya, sakamako ya fito ba wanda ya duba. Wani jinkirin ɗakin gwajin jini ne ya dame shi, wani kuma yadda ake raba ma'aikata daidai wa daida alhali cunkoso yana da sa'o'insa. Na saurare su, na jinjina musu, amma a raina ina cewa duk ku gama, tawa ta fi sauƙi: kwaɗo ɗaya kawai.

Ranar Alhamis aka kai mu wani asibiti a Omdurman mu ga sashen gaggawarsu, da suke kira hawadis. Abin nema ya samu. Sun riga sun yi abin da nake mafarki. Ƙofar ƙarfe a rufe, mai gadi a tsaye, 'yan rakiya duk suna waje ƙarƙashin darbejiya, sun shimfiɗa tabarmi, mata masu shayi suna ta hidima. Ciki kuwa fes, kana iya jin takun takalminka. Shugaban sashen, Dakta Mu'utaz, mutum mai fara'a, ya ce in wanda aka kawo ba ya iya magana ana barin mutum ɗaya ya shiga da shi, in kuwa yana tafiya da ƙafarsa yana amsa tambaya, shi kaɗai. Na ɗauki hoton ƙofar na tura wa Matron.

Da yamma na ba Baba labari ina zumuɗi. Ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗiyata, ni ban san aikin mustashfa ba. Amma duk babbar ƙofar da na ƙera sai na yanka mata ƙarama a jiki. Wanda ya ce ba ya so, bayan wata biyu yake dawowa." Na yi dariya na ce ƙofar gida daban, ta mustashfa, wato asibiti, daban. Hajja Zainaba tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

Juma'a da Asabar su ne hutunsu, Lahadi za a koma a jefa ƙuri'a. Ranar Asabar ina ƙarƙashin rumfa ina bitar jawabina, na lura Baba bai cika magana ba. Na ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, alhamdulillah. Iska ce, ful ɗin safe."

Na san yana da ciwon suga, na auna masa, lafiya lau. Na ce ya rage wake, na koma kan takarduna. Bayan Azahar sai ga Hajja Zainaba ta fito da laffayar unguwa, ta riga ta tsayar da raksha, wato a-daidaita-sahunsu, a ƙofar gida. Ta ce za a je mustashfa. Baba ya yi faɗa, ya ce za a tara masa jama'a a kan iska. Ita dai ta ajiye masa takalmansa a gabansa ta tsaya. Ni na bi su ne don kada a ce 'yar gida ma'aikaciyar lafiya ta zauna, amma gaskiya ina ganin rigimar tsohuwa ce.

Asibitin nan na ranar Alhamis muka je, don shi ya fi kusa. Mai gadi ya ga Baba yana tafiya da ƙafarsa, ya tare Hajja. Ni kuwa katin taro yana jakata, na rataya, ya gane ni ya buɗe mini. Ban ko waiwaya ba. A teburin tantancewa wata ma'aikaciya mai natsuwa ta auna jininsa, ta auna zafin jiki, ta tambaye shi abin da ke damunsa. Baba ya gyara rawani, ya tambaye ta lafiyar iyayenta, sannan ya ce, "Kwayyis, lafiya lau, alhamdulillah. Iska ce kawai a ciki." Ta miƙa masa koren kati. Da ni ce a kujerar, kore zan ba shi. A daidai lokacin aka shigo da wani saurayi da ya faɗi a babur yana kururuwa, kowa ya yi kansa.

Muka zauna a benci. Na duba agogo don sabo, ina ma yaba yadda layin ke tafiya. Mun fi rabin awa a zaune, sai na hango Hajja ta matso jikin ƙofar, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, tana kallona. Ba ta kira ni ba, kallo kawai. Na tashi na je don in kwantar mata da hankali.

"Hajja, kada ki damu, an duba shi, saura kaɗan a zo kansa."

Ta sassauta murya. "Yau Hajji bai tafi masallaci ba. A ɗaki ya yi Azahar, kuma a zaune. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa gani ba. Ranar da ƙarfe ya faɗo masa a ƙafa ma a tsaye ya yi. Shayinsa na safe yana nan a kofi, rabi."

Na ce, "Hajja, me ya sa ba ki faɗa ba tun a gida?"

"A gabansa? Da baƙuwa a gida?" Ta dube ni. "Kuma ba wanda ya tambaye ni, ɗiyata."

Ban san lokacin da na koma ciki ba. Wannan karon ban tambaye shi komai ba, kallonsa na yi. Ga gumi a ƙarƙashin rawani, na taɓa goshin, sanyi ƙalau. Yana shafa muƙamuƙinsa na hagu a hankali kamar mai gyara gemu. Numfashin gajere ne, yana ɓoye shi cikin tasbihi. Duk waɗannan suna nan tun a rumfa, ni ce na karɓi "da sauƙi" na rufe littafi. Tsoro ya kama ni, kunya ta fi shi.

Na je teburin na ce a yi masa awon zuciya yanzu. Ma'aikaciyar ta nuna mini koren katin, ta nuna layi. Ban ga laifinta ba, takardar da ke gabanta ta bi. Na ce mata da Turanci, da Larabcin da ya rage mini, da hannu, "Mutumin nan yau a zaune ya yi sallah." Ta dakata. Ita ma tana da uba. Ta tashi da kanta ta turo na'urar. Takardar ba ta gama fitowa ba likitan da ke aiki ya fizge ta, ya ɗaga murya, nan take aka ɗora Baba a gado, aka ba shi asfirin ya tauna, aka wuce da shi ɗakin masu jan kati. Jijiyar zuciya ce ta toshe. Ana tura shi yana cewa a yi a hankali da takalmansa, kuma wai a ba yaron babur ɗin gadon, ya fi shi jin jiki.

Kafin la'asar an mayar da shi sashen masu ciwon zuciya, aka yi abin da ya kamata, Allah ya sa da sauran kwana. Da na fito in gaya wa Hajja, na tarar rabin Alsawra sun iso, tabarmi har bakin titi, kulolin abinci jere. Jiya da na ga irin wannan da na ce ga matsalar nan. Na zauna a cikinsu, wata ta miƙo mini shayi, na sha.

Ranar Lahadi na hau mumbari da littafin mintocina, na ɗaga shi na ce duk abin da ke ciki gaskiya ne, cunkoson 'yan rakiya yana cinye lokaci, kuma ban janye ba. Sannan na ba su labarin Baba. Na ce mu a wurinmu dattijo ba ya cewa yana jin ciwo, raki ne, kuma rashin godiya ne. In ka tambaye shi jiki zai ce da sauƙi ko da ransa yana maƙogwaro. Teburinmu kuwa an gina shi ne a kan abin da mara lafiya ya faɗa, don haka mai kururuwa yake samun ja, mai dauriya ya samu benci. Na ce na canza tambayata. Abin da nake so a bincika shi ne: in aka bar mutum ɗaya, wanda yake kwana gida ɗaya da mara lafiya, ya zo teburi aka tambaye shi a keɓe, "Me ya saba yi da bai yi ba yau?", minti nawa zai ci mana, kuma mutum nawa zai ɗauke daga benci kafin su faɗi? Ba ya buƙatar na'ura, ba ya buƙatar sabon gini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani likita ya miƙe ya ce wannan ba kimiyya ba ce, labari ne. Na ce ai shi ya sa na kawo shi wurin masu bincike, da na riga na san amsar da ban hau jirgi ba. Dakta Mu'utaz, wanda a sashensa abin ya faru, bai yi fushi ba. Ya ce mahaifinsa ma haka yake, kuma yana so a gwada a wurinsu da namu lokaci guda. Aka jefa ƙuri'a. Matsalar gado ce ta zo ta ɗaya, kuma ta cancanta. Tawa ta shiga jerin, can wajen ƙasa, amma ta shiga.

Da na dawo Matron ta tarbe ni da kwaɗo a hannu, tana murmushi. Na zaunar da ita na ba ta labari. Yanzu ƙofarmu a tsare take, unguwa guda ba ta shiga, amma kowane mara lafiya yana shigowa da mutum ɗaya, kuma ba mai babbar riga muke nema ba, wanda ya ga abin da ya ci da safe muke nema. Na sa kujera ta biyu a gefen teburi, ɗan nesa kaɗan yadda mace za ta iya magana mijinta bai ji ba. Muna rubuta komai, su ma a Omdurman suna rubutawa, kuma ba zan ce ga sakamako ba sai an gama. Kwaɗon dai bai yi asara ba. Kun san kujera a asibitinmu ƙafa gare ta, sau biyu ana ɗauke ta a sati na farko. Na samo sarƙa na ɗaure ta a ƙafar teburi, makullin yana aljihuna.

Shekaranjiya na kira Alsawra. Baba ne ya ɗauka, muryarsa garau, yana tambayar ko akwai mai zuwa ya kawo masa daddawa. Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi, ɗiyata, alhamdulillah."

Na ce, "Madalla, Baba. Ba ni Hajja."